Ɗana ya yi allurai duka amma limoniya ta kama shi, to na Gadarif fa?

Uwar 'yan biyu, Jidda:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ni, sai na faro daga tushe kafin tambayar ta fito.

Ni haihuwar Mai Wurno ce ta ƙasar Sudan, aure ya kawo ni Jidda shekara 9 ke nan. 'Yan biyuna babu allurar rigakafin da ta wuce su: ta wata 2, ta wata 4, ta wata 6, har ta shekara, katinsu cike yake taf. Duk da haka da sanyin bara Hassan ɗina ya fara mura, kwana 3 sai numfashi ya koma sama-sama, in ya ja iska sai ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki. Kafin minti 20 muna asibiti. Aka maƙala masa ɗan awon nan na yatsa, aka sa masa oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce limoniya ce. Kwana 4 muka yi aka sallame mu. Ga shi nan yanzu yana neman ya karya mini ƙofar firji.

Ƙanwata kuwa ta gudu Gadarif, a gabashin Sudan, da ciki lokacin da faɗa ya iso Sinja a tsakiyar 2024. A can ta haihu, a rumfar tsakar gidan dangin mijinta, su 11 a gida ɗaya. Yaron watansa 8, allura ɗaya tak aka yi masa, ta dantse wadda ke barin tabo. Satin da ya wuce 'yar maƙwabciyarsu ta rasu da ciwon haƙarƙari, tun ana neman abin hawa rai ya yi halinsa. Tun daga ranar barcina rabi da rabi ne.

Na ce zan tura mata kuɗin mota ta kai shi allura. Abbansu Hassan ya ce in tura na madara da dawa ya fi, wai ga naki nan ya sha allura kamar me, bai hana shi kwanciya ba, abin da ke raba yaran Jidda da na Gadarif arziki ne kawai. Ban sami abin ce masa ba. Shin allurar nan tana rage mutuwar yara da gaske, ko asibiti ne ke yin aikin ita tana karɓar yabo? Kuma ɗan wata 8 bai makara ba?

Tsohon mai allura, Gadarif:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba iyayenta haƙuri.

Bari in fara da na gaggawa: bai makara ba. Shekara 26 ina yawo da akwatin ƙanƙara a ƙauyukan nan kafin gwiwa ta zaunar da ni. Tsarinmu a Sudan sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Wanda lokaci ya wuce shi ana fara masa ranar da aka kawo shi, a bar sati 4 tsakanin kowace. Wanda ya fara ya tsaya, daga inda ya tsaya ake ɗorawa. Kati ya ɓace a gudun hijira? A zo haka nan, za a ba da sabo. Kuma ba a biyan ko sisi a cibiyar gwamnati, kuɗin mota ne kawai matsalar.

Maganar Hassan kuwa, limoniya ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo ta ba. Suna ne na ciwon huhu, masu haddasa shi da yawa. Manyan makasa biyu su muke da allurarsu. Ɗaya ana ce mata Hib, tana cikin allurar Penta, mai haɗa rigakafin cututtuka 5, da muka fara a 2008. Ɗayar kuma numokokas, allurarta PCV, ta iso mana a 2013. Ita numokokas ɗin nan iri-iri ce, sun haura 90, allurar ta kama 13 waɗanda suka fi ɓarna. Akwai kuma ƙwayoyin mura irin RSV masu yawo lokacin sanyi, waɗannan allurai biyu ba sa taɓa su. Saboda haka yaro zai iya cika katinsa ya kwanta. Amma da idona na gani, bayan Penta da PCV sanƙarau na jarirai da ciwon haƙarƙari mai kisa cikin kwana biyu sun yi sauƙi a garuruwan da muke zagayawa. Kada kuma ƙanwarki ta raina ta ƙyanda. Yaran da ƙyanda ke kashewa, galibi huhu take sauka ta ƙarasa su, kuma inda aka cunkushe kamar yanzu ƙyanda ba ta sallama.

Kafin yaƙin 2023 muna cikin ƙasashen da ake misali da su. A 2024 kuwa kusan rabin jariran ƙasar ne ba su samu ba. Allurar sai a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, wuta ta ɗauke, hanya ta yanke, ma'aikata sun watse. Gadarif da sauƙi a kan wasu wurare, ƙanwarki ta yi amfani da wannan damar.

Direba, Shari'a Mansur, Makka:

Hajiya, ni dai ina ganin maigidanki bai yi ƙarya ba. Yaron da ke fama da tamowa, uwarsa na gasa kisra a kan gawayi yana goye a baya yana shaƙar hayaƙi, a ɗaki ɗaya da mutum 10, allura nawa za ta tsare shi? Kuma ba sai an je Gadarif ba. A nan Makka akwai gidajen 'yan'uwanmu da iƙamarsu ta mutu, suna ɗari-ɗarin kai yaro asibiti, sai abu ya yi tsanani. Ga asibiti ana hango shi ta taga, amma kamar yana wata ƙasa. Talauci shi ne uban cutar.

Nas ɗin yara, Riyad:

Malam direba, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Tamowa, hayaƙin itace da gawayi, cunkoso, rashin shayar da nono zalla wata 6 na farko, duk Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa su. Sai dai inda ka kai maganar, ni a nan nake juyo da ita. Yaron da duk waɗannan suka taru a kansa, shi ya fi kowa buƙatar allurar.

Yaya, ki duba labarin da kika ba mu da kanki. Hassan yana da katanga bayan katanga: allura, abinci, mota, awon yatsa, oksijin, hoto, maganin jijiya. Da allurar ma ba ta nan, da wuya ciwon ya tsallake sauran duka. A wuri irin Jidda abin da allura ta fi ragewa shi ne yawan kwanciya asibiti, domin mutuwar dama kaɗan ce. Ɗan ƙanwarki kuwa, in cutar ta shiga ƙirjinsa da dare, me ke tsakaninsa da abin da ya sami 'yar maƙwabciya? Allurar kusan ita kaɗai ce katangar da za a iya gina masa tun yana lafiya, a yini ɗaya, ba tare da an jira yaƙi ya ƙare ba.

Ba hasashe nake ba, an gwada. A gabashin Gambiya, ƙauyuka masu talauci da nisa daga asibiti, an bi yara sama da 17,000, rabi an yi musu allurar numokokas, rabi ba a yi ba. Sakamakon ya fito a 2005: limoniyar da hoto ke nunawa ta ragu da kashi 37 cikin 100, mutuwar yara gaba ɗaya, ko mene ne sanadi, ta ragu da kashi 16. Ba a canza musu abinci ba, ba a raba musu murhun gas ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka raba ta a bai-bai. Amurka ta fara yi wa yaranta PCV a 2000. Sudan sai 2013, Najeriya sai ƙarshen 2014, kuma a hankali ta bi jihohi. Tsada ce ta jawo, sai da Gavi, asusun duniya mai tallafa wa allurar rigakafi, ya shiga tsakani aka sauko da ita ƙasa da dala 4 kowace allura ga ƙasashe matalauta, alhali a Amurka ta haura dala 100. A 2019 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 740,000 a duniya. A lissafin UNICEF na 2018 Najeriya ce kan gaba da 162,000, ta wuce Indiya duk da yawan Indiya. Ni 'yar Kano ce, na yi aiki a ɗakin yara a can kafin in zo nan, na san yadda ake raba tukunyar oksijin ɗaya tsakanin jarirai uku.

Ki koya wa ƙanwarki ƙirga numfashi, yaro yana kwance ba ya kuka, minti 1 cif. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Jariri ƙasa da wata 2, 60. In ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ya yi laƙwas, babu jiran gari ya waye, babu shafa man zafi. Amoksisilin ne maganin farko, ba shi da tsada, amma ma'aikacin lafiya ne zai auna gwargwadon yaro.

Uwar 'yan biyu, Jidda:

Baba na gode, Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya. 'Yar'uwa nas, na karanta wa Abbansu maganar katangar nan, ya yi shiru, can ya ce a tura duka biyun, na dawa da na mota. Malam direba ka ga kai ma ba ka faɗi ba.

Na kira ta ɗazu, sai da na yi kira 4 kafin layi ya riƙe. Muka ƙirga tare, ni da agogon waya ita da ido, 38 ya ba mu. Ta ce Lahadi za ta kai shi, za ta tafi da maƙwabciyar ma, ashe akwai ɗan wata 3 a gidan da ba a taɓa yi masa ko ɗaya ba. Goyo lokacin kisra kuwa ta ce ba ta da mai riƙe mata shi. Baba, in ta kai shi Lahadi, ta ƙyandar za a haɗa masa a zuwa na biyu, tunda lokacin ya cika wata 9?