Na ɗora fayiloli ta cPanel amma shafinmu bai fito daidai ba

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da shafin intanet na wata makarantar Islamiyya da ke unguwarmu a cikin birnin Katsina, kuma matashin da ya tsara mana shi ya miƙa mini dukkan fayilolin a ƙunshe cikin zip guda kafin ya tafi bautar ƙasa. Mun yi rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng, mun kuma biya wani kamfani kuɗin ajiya na shekara guda. Na shiga cPanel, wato shafin da kamfanin ya ba mu don sarrafa ajiyarmu, ta burauza, na buɗe File Manager, sashen kula da fayiloli, na ɗora zip ɗin a cikin public_html, sannan na danna Extract. Sai dai idan na rubuta adireshinmu, ba abin da ke fitowa face farin shafi da aka rubuta "Index of /" a samansa, da sunan folda ɗaya a ƙasa. Idan na danna foldar shafin yana buɗewa, amma wasu hotunan ba sa bayyana, alhali a kwamfutata duka suna fitowa. Wani ya ba ni shawarar in mayar da izinin kowane fayil zuwa 777. Ban so in taɓa komai ba sai na ji ta bakin masana, domin iyayen yara suna jiran jadawalin sabon zango a shafin.

Baushe daga Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalarka ba ta izini ba ce, ta wurin ajiya ce. Idan aka rubuta adireshin shafi, sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye da shafin, tana leƙa foldar public_html kai tsaye ta nemi fayil mai suna index.html ko index.php, idan kuwa ba ta same shi ba, sai ta jero wa baƙo abin da ke cikin foldar, wanda shi ne abin da kake gani. Wanda ya haɗa muku zip ɗin ya ƙunshe foldar ne gaba ɗaya, saboda haka fayilolinku suna hawa ɗaya ƙasa da inda ake nemansu. Ka shiga wannan folda, ka danna Select All, sannan Move, ka goge sunan foldar daga hanyar da aka nuna maka har ya rage /public_html kawai.

Batun hotuna kuma, ina kyautata zaton bambancin manya da ƙananan haruffa ne. Windows ba ta bambanta Makaranta.JPG da makaranta.jpg, amma yawancin sabobin da ke ɗauke da cPanel suna aiki ne da Linux, wadda take ɗaukar su a matsayin fayiloli biyu daban. Ka gwada sunan da ke cikin lambar shafin, wato rubutun umarnin da aka gina shafin da shi, da na hoton harafi bayan harafi, ka gyara da Rename.

Malamar Kwamfuta:

Bayanin Malam Baushe daidai ne, amma ina so in tsaya a kan shawarar 777, domin ita ce ta fi damuna, kuma na sha jin ta a bakin ɗalibai. Kowace lamba a cikin ukun nan tana wakiltar rukuni guda: ta farko mai fayil, ta biyu rukuninsa, ta uku kowa da kowa. Karantawa tana da maki 4, rubutawa 2, zartarwa 1, don haka 7 tana nufin an ba da dukkan ukun. Wanda ya sa 777 ya ba duk wani asusu ko shiri da ke kan sabar damar sauya fayilinsa, alhali sabar da muke haya da araha muna tarayya ne a kanta da mutane masu yawa da ba mu san su ba. Tamkar mai shago ne a babbar kasuwa ya bar ƙofa a buɗe ya tafi gida. Ƙari a kan haka, saboda tsaro sabobi da dama suna ƙin zartar da fayil ɗin PHP mai irin wannan izini, su mayar da kuskure mai lamba 500. Abin da aka saba shi ne 644 ga fayiloli da 755 ga foldoji.

Kafin ka kwashe fayilolin, Malam, ka danna Settings a kusurwar sama ta dama ka zaɓi Show Hidden Files, domin fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin su .htaccess, ba sa bayyana sai an nemi ganinsu, kuma za ka iya barin su a baya ba tare da ka sani ba. Idan ka gama, ka goge zip ɗin daga public_html, tunda duk wanda ya san sunansa zai iya sauke shi.

Mai Gyaran Waya, Ƙofar Ƙaura:

Ina ƙara abu biyu. Abin da aka goge a File Manager yana komawa foldar .trash ne, kuma yana ci gaba da cin wurin da aka biya har sai an danna Empty Trash. Sannan idan fayil yana da girma ƙwarai, a irin yadda sabis yake yankewa a wurinmu, na fi son FileZilla, wata manhajar ɗora fayiloli kan saba, saboda tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. Ga ƙaramin shafi irin na makaranta kuwa, burauza ta wadatar.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah Ya saka muku da alheri. Na bi bayanin, shafin ya fito, hotunan ma sun bayyana in ban da guda ɗaya mai suna ɗalibai.jpg. Haka kuma na gyara sanarwa ta Edit, sai na ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Malamar Kwamfuta:

Amin, Malam. Hoton ka sake masa suna zuwa dalibai.jpg, ka gyara shi haka a cikin lambar shafin. Haruffanmu masu lanƙwasa wajibi ne a cikin rubutun da mutane za su karanta, amma a sunan fayil ya fi aminci a tsaya ga ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, ba tare da tazara ba. Rikicewar rubutun kuma daga tsarin haruffa take. Lokacin da ka danna Edit, ka tabbatar an zaɓi utf-8, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, kafin ka buɗe, sannan ka duba ko akwai layin meta charset="UTF-8" a saman shafin. Idan an riga an adana haruffan a lalace, sai ka sake rubuta su ko ka dawo da fayil ɗin daga zip ɗin da ke kwamfutarka. Nan gaba, kafin kowane gyara, ka danna Download ka ajiye kwafi, domin da zarar ka danna Save Changes ka rufe, File Manager ba ya riƙe tsohon rubutun. Idan ka gyara amma ba ka ga sauyi ba, ka danna Ctrl da F5 tare don burauzar ta ɗauko sabon shafin.