Wai me ya sa babu Nobel na kwamfuta, kuma su wa ake karramawa a fannin?

Ɗan_Samaru:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin abin ku warware min wannan. Kwamfuta nake karantawa a jami'a, jiya malaminmu ya tambaya a aji wa ya san Dennis Ritchie, wlh ajin cike yake amma ba wanda ya ce uffan, alhali yaren C ɗin da yake ta wahalar da mu tun farkon zango shi ya ƙirƙiro shi. Da Bill Gates ya ce ko Zuckerberg da kowa ya ɗaga hannu. To su mutanen da suka aza harsashin abin akwai wata lambar yabo da ake ba su ne? Na duba jerin Nobel ban ga kwamfuta ba.

Injiniya_Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanena. Nobel kam babu, dalili kuwa shi Alfred Nobel a 1895 ya rubuta wasiyyarsa, lokacin ba a ma san da wata kwamfuta ba, fannoni biyar ya lissafa, fiziks da kemistiri da likitanci da adabi da zaman lafiya. Na tattalin arziki daga baya babban bankin Sweden ya ƙaro shi a 1968.

Mu tamu ita ce lambar Turing, ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ke bayarwa duk shekara tun 1966, Alan Perlis ne ya fara karɓa. Yanzu dala miliyan ɗaya ce kuma Google ke biyan kuɗin. Ritchie ɗin naku ya karɓa a 1983 shi da abokin aikinsa Ken Thompson saboda Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da suka gina a cibiyar bincike ta Bell Labs. Vint Cerf da Bob Kahn sun karɓa a 2004 saboda TCP/IP, wato ƙa'idar da ke sa saƙonka ya kakkarye gida-gida ya bi hanyoyi daban-daban ya je ya haɗe a wayar wanda ka tura wa, in ba ita ba da wannan hirar ma ba ma yin ta. Tim Berners-Lee mai shafukan yanar gizo (www) sai 2016 ya samu, aikin da ya fara tun 1989 a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai. Ka lura da tazarar, haka abin yake, sai mutum ya yi furfura sannan a tuna da shi.

Shi kansa Alan Turing da lambar ke ɗauke da sunansa bai ga karramawar da ta dace da shi da idonsa ba. A 1936 ya rubuta maƙalar da ta bayyana abin da na'ura za ta iya lissafawa da wanda ba za ta taɓa iyawa ba, lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, amma aikin sirri ne ba a faɗa. A 1952 kotu a Ingila ta same shi da laifin luwaɗi, wanda doka ta haramta a can a lokacin, ya mutu a 1954 yana da shekara 41. Sai 2009 firaminista Gordon Brown ya nemi afuwa, sarauniya ta yi masa afuwa a 2013, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam hamsin.

Ummi_Kd:
Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake mata kamar yadda masu lambar suka tsallake su shekara arba'in cur. Sai 2006 mace ta fara samu, Frances Allen ta IBM, sai Barbara Liskov a 2008 sai Shafi Goldwasser a 2012. Kuma ba wai babu matan ba ne fa. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 a Amurka mata shida ne suka riƙa tsara mata aiki, ba kibod ba allo, da hannu suke cire wayoyi su sake jonawa suna juya makunnai ɗaya bayan ɗaya har injin ya yi lissafin da ake so, amma da aka zo biki sunayen mazan da suka ƙera ƙarfen aka ambata. Grace Hopper, ɗaya daga cikin magabatan rubuta manhaja, ta rasu a 1992, sai 2016 Obama ya ba ta lambar girmamawa ta shugaban ƙasa. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, an shiga kabari sannan ake rataya maka lamba.

Sarkin_Data:
Duk kun kawo turawa, namu Philip Emeagwali fa? Ba shi ne uban intanet ba? Ni haka na taso ina ji, kawai don baƙar fata ne suka danne shi

Injiniya_Fagge:
A'a Sarki, mu faɗi abin yadda yake. Emeagwali ya ci lambar Gordon Bell a 1989, wannan tabbas ne kuma abin alfahari ne, ya yi amfani da wata katafariyar kwamfuta mai dubban ƙwaƙwale wajen lissafin yadda man fetur ke gudana a ƙarƙashin ƙasa. Amma intanet ba shi ya ƙirƙiro ba, ARPANET, wato kakar intanet, tun 1969 ta fara aiki, Cerf da Kahn kuma a 1974 suka fitar da tsarinsu. In muka ƙara masa gishiri mu muke rage masa daraja, don duk wanda ya bincika ya ga ƙarin sai ya yi watsi har da na gaskiyar. Kuma ba turawa kaɗai ke cin Turing ba, Raj Reddy haifaffen Indiya ya ci a 1994, Andrew Yao haifaffen Shanghai ya ci a 2000.

Baba_Tsoho_Unix:
Yaro na ji daɗin tambayarka. Ni wanda ya fi ba ni tausayi ma Tommy Flowers ne, injiniyan ma'aikatar gidan waya ta Ingila da ya gina Colossus, kwamfutar fasa saƙonnin sirrin Jamus, a lokacin yaƙi, har kuɗin aljihunsa ya zuba a ciki, da aka gama aka ba shi fam dubu ɗaya aka ce ya kama bakinsa, sai wajen shekarun 1970 labarin ya fara fitowa. Haka ma masu lissafin hukumar leƙen asirin Ingila irin su Clifford Cocks, sun gano dabarar kulle saƙo da makulli biyu tun kafin Rivest da Shamir da Adleman, amma sirri ya hana su magana har 1997, waɗancan ukun su suka karɓi Turing a 2002. Duk sanda ka tura kuɗi ta waya irin wannan dabarar ce ke tsare maka su.

Ritchie kuwa ya rasu a Oktoban 2011, mako guda bayan Steve Jobs. Duniya ta cika da ta'aziyyar Jobs, shi kuwa sai 'yan fanni suka yi ta sanar da juna, alhali iPhone ɗin kanta a kan zuriyar Unix take tafiya, Android ma a kan Linux take, wata manhaja irin Unix da aka rubuta da C. Mai gini shi ya sha rana, mai fenti ake yabo.

Ummi_Kd:
Baba gaskiya ne amma kar mu zalunci Gates shi ma, ba ɗan kasuwa zalla ba ne, shi da Paul Allen da hannunsu suka rubuta manhajar yaren BASIC ta ƙaramar kwamfutar Altair a 1975. Sannan Ɗan_Samaru, Nobel ɗin ma ya fara leƙowa ta bayan gida, Geoffrey Hinton da ya ci Turing na 2018 tare da Bengio da LeCun kan ƙirƙirarriyar basira, a 2024 an ba shi Nobel na fiziks shi da John Hopfield. Masana fiziks da yawa sun yi ta gunaguni wai ina ruwan wannan da fanninsu.

Ɗan_Samaru:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba to shi mai Linux ɗin an ba shi wani abu kuwa?

Baba_Tsoho_Unix:
Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki kamar kai ya fara shi a 1991. Ƙasarsa Finland ta ba shi lambar Millennium ta fasaha a 2012, irin wadda Berners-Lee ya fara karɓa a 2004. Kai dai je ka gama aikin C ɗinka kafin malam ya rufe karɓa.