Jama'a, mi za mu ce ma "obados" (overdose a Turanci, wato magani ko ƙwaya ta yi ma jiki yawa har ta kwantar da mutum ko ta kashe shi) da Hausa?

'Yan uwa Sakkwatawa, musamman masu aikin asibiti da malamman Hausa, ku zo ku taya ni. Wata ƙanwata nas ce, jiya ta tambaye ni mi za ta rubuta in za ta yi ma iyaye bayanin obados da Hausa, wallahi na yi shiru na rasa.

Kuma abin ba wasa ba ne. Amurka sun san cewa a 2021 sama da mutum 100,000 sunka mutu ta wagga hanya, mafi yawa ta fentanil (ƙwayar kashe ciwo mai tsananin ƙarfi), don kowace gawa ana rubuta sanadin mutuwarta, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta tara, da haka suke gane inda za a ƙara raba naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne ma numfashi. Mu nan binciken hukumar ƙididdiga ta Najeriya (NBS) da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi (UNODC) na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke shan kayan maye, miliyan 4.6 irin su taramol, to amma wannan lissafin masu sha ne. Waɗanda ta kashe fa? Yaro ya kwanta bai tashi ba, kafin la'asar an kai shi makwanci, a ce ajali ne, in ko jijjiga ya yi (taramol na sa hakan) a ce farfaɗiya ko iska. To mi za a ƙirga?

Na duba amsoshin da kunka aiko.

"Yawan shan ƙwaya", a'a, wannan shaye-shaye ne, wani ya shekara goma shina sha bai taɓa faɗuwa ba, wani ranar farko ta kwantar da shi. "Guba" kuma kai, ka ce ma uwa ɗanta guba ta kashe sai an fara zargin kishiya.

Wanda mutane sunka fi kawowa "shan magani fiye da ƙima", shi muka saba ji a rediyo, ni ma da shi na so in tsaya, har na gajarta shi "wuce-ƙima". Sai wani mai kemis ya ce malam ƙimar wa? Wanda ya bar sha wata uku, a ce ya fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya samu sauƙi, in ya koma ya sha daidai abin da ya saba sha da, tana iya kashe shi don jiki ya manta. Haka mai haɗa kodin da diazepam, kowane shi kaɗai bai kai ba amma tare sun tsai da numfashi. Gaskiya ya kama ni nan.

Sai wata baiwar Allah ta ce ai a unguwarsu cewa ake "ƙwaya ta fi ƙarfinai". Shi ke nan! Ashe kalmar na bakin mutane muna ta wahala. Fin-ƙarfin magani. Babu zagi ciki, har tsohuwar da ta yi ta ɗura parasitamol don ciwon ƙafa hantarta ta taɓu ta shiga, ba sai an kira ta 'yar ƙwaya ba, kuma iyaye za su fi yarda a rubuta.

Na tura ma ƙanwata shi, ta ce a takarda sai a bar gurbi gefe a sa sunan maganin da ko an haɗa shi da wani. Malamman jami'ar Ɗanfodiyo, rubutun da karan-ɗori ne ko a ware? Nan ne har yanzu ba mu daidaita ba.