Wai duk mai suna Wilson dangin juna ne?

Ɗan_Gusau_Glasgow:

Slm jama'a. Don Allah masu ilimin tarihi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Glasgow kusan shekara biyu kenan, kuma a wajen aikin namu kaɗai mutum uku ne masu suna Wilson. Akwai wani dattijo ɗan Sikotlan da nake kula da shi, akwai wata nas baƙar fata wadda iyayenta daga Jamaica suka zo, sai direban da ke kawo mana kayan abinci shi kuma ɗan Ingila ne daga wajen Newcastle. Dattijon nan yana da wani ƙyalle mai ratsi-ratsi kore da shuɗi da ya naɗe a cikin durowa, ran nan ina gyara masa kaya ya ce in miƙo masa, ya shimfiɗa a cinya yana shafawa yana ce min wai su Wilson asalinsu 'yan dangin Gunn ne na can arewacin ƙasar. Da na faɗa wa nas ɗin sai ta yi shiru kawai ta ce ita bata san inda nata sunan ya fito ba, kuma wlh yadda ta faɗa sai da na ji ba daɗi.

To tambayata, sunan nan daga ina ya samo asali, me ya sa ya yi yawa haka, kuma da gaske kakansu ɗaya ne? Gwajin DNA ɗin nan da ake talla zai iya nunawa?

Malam_Na_Tarihi:

Wslm ɗan'uwa. Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba kaka ɗaya ba ne, amma bari in yi maka dalla-dalla.

Wilson ma'anarsa ɗan Will, shi kuma Will gajarta William ne kamar yadda muke mai da Abdullahi Audu. To ka ɗauka a ce maka Ɗan'audu. Audu nawa ne a ƙasar Hausa? Kowane gari akwai Audu kuma kowane Audu yana da ɗa, ba za ka ce Ɗan'audun Katsina da Ɗan'audun Damagaram jini ɗaya ne ba don kawai suna ya zo ɗaya. Haka abin yake a can. Sunan William Normandawa ne, mutanen arewacin Faransa, suka yaɗa shi bayan da William sarkin yaƙinsu ya ci Ingila a 1066, daga nan sunan ya zama ruwan dare, kowa na raɗa wa ɗansa. Asalin kalmar daga tsofaffin harsunan Jamusawa ne, rabin farko na nufin nufi ko ƙuduri, rabin ƙarshe kuma hular ƙarfe ta yaƙi, wato kariya.

Su ma Turawan a zamanin da ba su da sunan gida da ake gada, irin namu suke yi, wane ɗan wane, wane maƙeri, wane na gari kaza. Sai a wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 abin ya fara tsayawa, musamman da ake rubuta mutane a takardun kotu da na haraji, kamar harajin kai da aka karɓa a 1377 da 1379 da 1381. Sai ya zama ɗan Will ya haifi ɗa, maimakon a kira jikan da sunan ubansa sai aka ci gaba da ce masa Wilson har tattaɓa kunne. Kuma wannan ya faru a ɗaruruwan ƙauyuka a lokaci guda ba tare da wani ya san wani ba.

Abin da zai burge ka shi ne taswirar sunan. Sunaye masu ƙarewa da "son", wato ɗa da Turanci, irin su Wilson, Robson, Thompson sun fi yawa a arewacin Ingila da kudancin Sikotlan, shi ya sa direbanku na Newcastle bai ba ni mamaki ba. Idan ka gangara kudu da yankin Wales sai ka ga William ɗin nan dai ya koma Williams. A Sikotlan Wilson ne na uku wajen yawa, bayan Smith da Brown.

Maganar dangin Gunn kuma dattijon bai yi ƙarya ba, dangin Gunn na yankin Caithness suna lissafa Wilson cikin sunayen da ke ƙarƙashinsu, amma wannan wani reshe ne ƙarami, yawancin Wilson na Sikotlan mutanen kudu ne da ba su da alaƙa da su. Ni dai da ni ne ba zan yi masa musu ba, tsoho ne kuma ƙila daga bakin kakanninsa ya ji.

Ummu_Sadiq:

Malam ya yi bayani Allah ya ƙara basira. Ni maganar nas ɗin ce ta taɓa ni, don na zauna da irinsu a Birmingham. Yayana ka fita cikin garin Glasgow ɗin nan da kake ka nemi titin da ake kira Jamaica Street, yana nan a tsakiyar gari kusa da kogi, ba banza aka sa masa wannan sunan ba. 'Yan Sikotlan da yawa sun je Jamaica a ƙarni na 18, wasu masu gonakin rake, wasu masu tsaron bayi, wasu akawu, shi ya sa har yau tsibirin cike yake da Campbell da Gordon da Graham da Wilson. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma an raba su da sunayensu, da aka zo 'yanta su a 1834 da yawa suka ɗauki sunan mai gonar ko na wani Bature da ya yi musu baftisma, wasu kuma jinin Baturen ne da gaske saboda abin da ake yi wa mata bayi wanda ba sai na faɗa ba. Kuma abin takaici gwamnatin Birtaniya fam miliyan 20 ta ware diyya, amma masu bayin aka biya, su bayin ko sisi.

To idan ta ce bata san asalin sunanta ba gaskiyarta ta faɗa. Mu da za mu iya cewa ni 'yar wane ce jikar wane daga unguwa kaza mu gode Allah. Ka bi ta a hankali kar ka matsa mata da tambaya.

Likitan_Gobe:

Bari in shigo ta ɓangaren DNA tunda shi na ɗan karanta. Akwai ƙwayar gado da ake kira Y, namiji ne kawai ke da ita, kuma daga uba take zuwa ɗa kusan ba canji, wato hanya ɗaya take bi da sunan gida na Turawa. Shi ya sa masu bincike suke haɗa su biyun. Wani farfesa a Oxford, Bryan Sykes, shi ya fara gwadawa da masu sunansa a 2000, ya tarar kusan rabin mazan da ke amsa Sykes ƙwayar Y ɗinsu iri ɗaya ce, alamar kaka ɗaya a Yorkshire. Daga baya Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester suka faɗaɗa aikin a kan sunaye 40, abin da suka gano shi ne iya ƙarancin suna iya yiwuwar masu shi dangi ne, misali masu suna Attenborough kusan tara cikin goma kaka ɗaya ne, amma suna mai yawa irin Smith babu wani haɗi, kamar ka tsinto mutane a tasha ne. Wilson a sahun masu yawan yake, to ka ga ya zo daidai da maganar Malam.

Idan aka gwada maza masu suna Wilson abin da za a gani shi ne abin da ake gani a mazan Birtaniya gaba ɗaya, mafi yawa suna reshen Y da ake kira R1b, wasu I1 wanda ya fi yawa a ƙasashen su Sweden da Denmark, kaɗan R1a. Wannan reshe ba ƙabila ba ne fa, layi ɗaya ne tak cikin dubban kakannin mutum, uban uban uba har sama, bai ce komai a kan uwa da danginta ba.

Gwajin da ake talla a intanet na tofa yawu a kwalba yawanci ba na Y ba ne, shi yana duba gadon uwa da uba ne a haɗe ya ba ka kaso-kaso, yana kuma iya nuno maka dangi na kusa zuwa 'yan zuriya kaɗan baya. Nas ɗinku in tana son sanin ko sunan da jini ya zo, sai dai mahaifinta ko ɗan'uwanta namiji ya yi gwajin Y, in ya fito reshen Turai to akwai Bature a layin uba, in ya fito E wanda shi ya fi yawa a Afirka ta Yamma to suna ne kawai aka ɗauka.

Ɗan_Gusau_Glasgow:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya in sha Allah ba zan sake tayar mata da maganar ba sai in ita ta kawo. Titin nan kuwa ina bi ta kansa a bas kusan kullum ban taɓa tunani ba. Likita R1b ɗin nan ba shi ne na ji an ce akwai a jinin Hausawa ba? Kuma ya aka yi sunan ya cika Amurka?

Likitan_Gobe:

Eh akwai amma a bi a hankali don mutane na juya maganar. Wani reshe ne na daban da ake kira V88, ana samunsa sosai a kewayen tafkin Chadi da arewacin Kamaru a tsakanin masu harsunan da ke dangi da Hausa, kuma an same shi a Hausawa ma. Shi da reshen Turawan yamma sun rabu tun dubban shekaru, tun kafin a san wani abu wai shi Ingila ko Kano, saboda haka ba jinin Turawan mulkin mallaka ba ne kamar yadda na ga wasu na rubutawa a Facebook. Akwai ma akasin haka, a 2007 su King ɗin nan suka samu wasu fararen fata masu wani suna na Yorkshire da ba shi da yawa, cikin maza 18 da aka gwada 7 suna ɗauke da reshen A1 na Afirka ta Yamma, kuma ba wanda ya sani a cikinsu.

Malam_Na_Tarihi:

Na Amurka kuma hanyarsa ta Ailan ce galibi. Daga 1609 sarki James ya riƙa kai 'yan Sikotlan da 'yan Ingila yana zaunar da su a Ulster, arewacin Ailan, shi ya sa har yau Wilson na cikin sunayen da suka fi yawa a can. Jikokinsu suka riƙa tsallakawa Amurka a ƙarni na 18 da na 19. Woodrow Wilson da ya yi shugaban Amurka daga 1913 zuwa 1921 kakansa daga wajen Strabane ya taso, mahaifiyarsa kuma a Carlisle aka haife ta. A ƙidayar Amurka ta 2000 Wilson ne na 10, a ta 2010 ya sauko na 14 saboda sunayen 'yan Latin Amurka irin su Martinez da Lopez sun haura, mutum wajen dubu 800 ke amsa shi, kuma da yawansu baƙaƙe ne saboda dalilin da Hajiya ta faɗa.

Wanda dattawanmu suka fi sani shi ne Harold Wilson, firaministan Birtaniya lokacin yaƙin basasar Najeriya, har Legas ya zo a 1969 ya gana da Gowon. Shi ɗan Huddersfield ne a Yorkshire. In dattijonka na da ƙarfin hira ka tambaye shi garin da aka haifi kakansa, in ya ce maka Wick ko Thurso na yankin Caithness to maganar Gunn ɗin tana da ƙafa, in ya ce Ayr ko Dumfries na kudu sai ka dawo ka faɗa min.