Wa ya raɗa wa saitin fiyano suna?

Ɗan Fiyano:
Salama alaikum jama'a. A fiyanon Yamaha na situdiyonmu akwai wani shafi na saitin sauti da ba wanda yake taɓawa, sunaye ne reras, Pythagorean, Mean-tone, Werckmeister, Kirnberger. To na buɗe fage, amsa-amo "na" ne.

Na latsa fiyano cikin dare,
Sai ga sunaye jere-jere,
Malam taho ka warware,
Su wane ne, wa ya raɗa musu suna?

Malam Tsirkiya:
Wa alaikumus salam ƙanena.

Na farkon ɗan ƙasar Girka,
Fitagoras, buɗe kunnenka,
Uku bisa biyu riƙe a ranka,
Tsirkiya biyu su yi zaman lumana.

Taki sha biyu kana hawa,
Ka ce gida kake komawa,
Sai ka zarce ƙofa da 'yar ƙaruwa,
"Comma" suka ce mata, guntu ke nan a ma'ana.

Uku bisa biyun nan tsawon tsirkiya ɗaya ne a kan na ɗayar, shi ne takin da ake maimaitawa sau sha biyu. Rarar da ke fitowa ba ta kai kwatan tazarar maɓalli biyu maƙwabta ba fa, amma duk sunayen da ka gani rigima ce a kan inda za a ɓoye ta.

Uwar Biyu:
Malam da girmanka amma nan kam sai na tanka, shi mutumin ƙarni na 6 ne kafin haihuwar Annabi Isa, alhali an tono allunan laka a Iraƙi masu bayanin ɗaurin tsirkiya da suka girme shi da shekara fiye da dubu.

Malam yi haƙuri in amsa maka,
Mutan Babila sun riga mutuminka,
A kan laka suka bar maka,
Shi ko baƙi ɗaya bai bari ba, Maulana.

Ƙanin Ango:
Hhhh Anti ta kama Malam. Ni dai sunan da ya fi burge ni na dabba ne.

In an tara rarar waje guda,
Maɓalli biyu sai su kama faɗa,
Kuka suke yi, ba guɗa,
Kyarkeci Turawa suka ce, ya dace a ganina.

Malam Tsirkiya:
Na karɓa Hajiya, suna dai ya riga ya bi shi. Bari in ƙarasa wa yaron nan.

Mean-tone ba sunan mutum ba ne,
Tsaka-tsaki ake nufi, ka gane,
Taki babba da ƙarami ne
Aka haɗe aka raba biyu daidai, ƙanena.

Werckmeister mai kaɗa ogan a coci,
Bajamushe ne, ya gaji da kyarkeci,
Ya rarraba rarar aka samu sassauci,
Ko'ina ka kama ya kaɗu ba ɓacin rana.

Takin nan biyu su ne 9/8 da 10/9, Pietro Aron ɗan Italiya ya yi bayanin saitin a 1523. Littafin Werckmeister kuma 1691. Kirnberger an ce ɗalibin Bach ne, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, shi ke nan tarihinsa a taƙaice.

Uwar Biyu:
To ga abin da yake ci min rai wallahi, saitin da kowane kibod yake zuwa da shi daga kanti, wanda aka raba sha biyu daidai wa daida, wani yariman daular Ming ta ƙasar Sin ne Zhu Zaiyu ya fitar da lissafinsa a 1584 da katakon ƙirgen nan mai duwatsu, lamba sama da 20 bayan ɗigo babu kwamfuta babu komai, amma je ka duba shafin naka.

Yariman Sin ya yi aikin wahala,
Ya raba sha biyu har ya kammala,
Kowa na ci, daga Kano har Kampala,
Equal kawai aka rubuta, shi babu sunansa a jerin, Ɗan Fiyanona.

Ƙanin Ango:
Anti layin ƙarshen nan ya yi tsawo fa sai da numfashina ya ɗauke. 'Yan zamani masu ƙirƙiro saiti a intanet su raha ma suke da abin, akwai Orwell don takinsa 19 ne cikin 84, wato 1984, littafin George Orwell, marubucin nan na Ingila.

Wani an ce masa beguwa,
Wani Orwell don lamba ta yi dacewa,
Mavila ko ƙauye ne na Chopawa,
A Mozambik, masu kiɗan katako na timbila, ƙwararru a fagen nan na gargajiya tun kakannina.

Uwar Biyu:
Kai da ka ce nawa ya yi tsawo?? Kuma yaushe kakanninka suka je Mozambik.