Wa ya taɓa bin tsohon adireshi har ya gano gidan kakanninsa?

Jikar Fatake:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A cikin adakar marigayiya kakarmu mun tarar da wasiƙun da ƙanenta ya riƙa aiko mata daga Kumasi, wasu da ajami, wasu da boko. A bayan ambulan sunan maigidansa kawai aka rubuta, sai Zongo, Kumasi, Gold Coast. Ba lambar gida, ba sunan titi. Ina son in je in ga inda ya zauna. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan nema ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nan Kumasi aka haife ni. Sunan maigidan nan ai shi ne adireshin, ki riƙe shi da kyau. Fataken goro wurin mai masauki suke sauka, shi ke ajiye musu kaya da kuɗi, shi ke haɗa su da dillalai, wasiƙa ma ta hannunsa take bi. Har yau irin waɗannan gidaje da sunan masu su na farko ake kiransu, ko da tattaɓa kunne ne a ciki. Na taɓa raka wani Bakatsine neman gidan kakansa. Fadar Sarkin Zango muka fara zuwa, aka tura mu wurin wani tsohon ladan, shi kuwa yana jin sunan ya tashi ya kai mu har zaure.

Sai dai ki sani zangon Kumasi ba ɗaya ba ne, akwai Tsohon Zango, Sabon Zango, Aboabo da Asawase. Tunda an rubuta Gold Coast, wasiƙun sun riga 1957, shekarar da ƙasar ta koma Ghana, don haka ki fara da tsofaffin unguwanni. Kuma a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mutanenmu da yawa suka sayar da gidaje a wulaƙance suka koma Najeriya. Kina iya samun gidan a hannun wasu, amma maƙwabta ba sa manta wanda ya gina shi.

Abu Takari:
Namu kakan hajji ya tafi ta ƙasa bai dawo ba. Takardarsa ta farko daga Fort Lamy ta zo, ƙannena suka yi ta duba taswirar waya ba su ga garin ba, alhali Njamena ce, a 1973 aka sauya mata suna. Ta ƙarshe kuma daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Na je kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Can tambayar farko da dattawa suka yi mini ita ce, mutumin wane gari ne? Da na ce Haɗeja suka kira tsofaffin Haɗejawa. Gidan na ƙasa ne, ya daɗe da rushewa, amma na sami 'yarsa da rai, tana jin Hausa sarai. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Malamin Firamare:
Hajiya, wani lokacin ƙauyen ne gaba ɗaya ba ya nan. Takardar harajin kakana na ɗauke da sunan wani ƙauye a ƙasar Yawuri, ruwan madatsar Kainji ya shanye shi a 1968, kamar yadda ya shanye tsohuwar Busa. A gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna na ga sunansa, cikin rahoton kimanta haraji da wani Di'o ya rubuta, har da sunan dagaci. Da wannan sunan na gano inda aka sake tsugunar da su. Ku lura, rubutun Turawa na sunayen garuruwa ya sha bamban da yadda muke furtawa.

Hajiyar Koki:
'Yata, kafin ki kashe kuɗin mota ki zauna da gwaggonninki. Mata ne suka san wa ya auri wa, da gidan da aka kai kowace amarya. Ki tambaye su laƙabinsa, don a zango da wuya a san mutum da sunan yanka. Ki tafi da hoton wasiƙun a waya, ki bar na ainihin a gida.