Neman kalma: ƙaramin tiyon da ke jikin tankin jirgin ruwa

Mai Fassara, Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe kafin azahar zan miƙa wata fassara daga Faransanci, takardar gyaran ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, don yaranmu masu aiki a bakin teku. Na maƙale a «mise à l'air». Tankin gazuwal na jirgin tiyo biyu gare shi: babba na zuba mai, faɗinsa milimita 38, da ƙarami mai milimita 16. Mai na shiga ta babban, iskar ciki na fita ta ƙaramin. In ƙaramin ya toshe sai mai ya riƙa shiga da ƙyar, yana kumfa yana dawowa ta baki. Me zan kira ƙaramin?

Ɗan Birni: Mafitar iska. An wuce wurin.

Makanike, Sabon Gari: Ƙanena, ba a wuce ba. Fita kaɗai ka gani. In inji na shan mai, ta nan iska ke shiga ta cike gurbi. In ya toshe sai inji ya yi ta sarƙewa har ya mutu, ka kwance murfi ka ji fuuu, ka tayar ya tashi lafiya lau. Abin da ke shaƙa yana fitarwa ai numfashi yake. Tiyon numfashi.

Malam na Garin Malam: Tiyo kuma? Ana neman Hausa kuna kawo mana wani Faransancin. Mesa muke da ita. Ni ma da na ce a sa manumfasa, kalma ɗaya tak, kamar mashiga da mafita.

Malamar Hausa: Allah ya gafarta Malam, mashiga da mafita sunayen wuri ne. In kayan aiki ake nufi, sai manumfashi, kamar mabuɗi da magogi.

Malam: To manumfashi. Duk nawa ne.

Makanike: Malam, in na ce wa yaron gareji ya duba manumfashi, bakina zai tsaya kallo. In na ce mesa kuwa sai ya ɗauko sanda.

Ɗan Birni: Shi tankin da ba ku taɓa ba fa? Ingilishi ne, ta Kano ya zo. Ko aron Kano halal ne, namu ne haram?

Malam: Damagaram ba ta taɓa zuwa Kano roƙon magana ba.

Ɗan Birni: Tun 2011 ake tace gazuwal a Soraz, nan bayan gari, har yau ban ji wanda ya raɗa masa sunan Hausa ba. Sai jirgin da ko a tabki ba mu taɓa gani ba ne za a yi wa kishin harshe?

Mai Fassara: Don Allah a dawo, dare na yi. Ga abin da ya rage mini. Takardar ta ce wani lokaci tiyon ne ke lotsawa a tsakiya, mai ya kwanta a wurin ya tare hanya, shi ya sa ake son ya hau sama ba gangare. Wani lokaci lanƙwashewa yake. Wani lokaci kuma bakinsa na waje, wanda ke jikin jirgi, shi ke toshewa da gishirin teku ko ginin zanzaro. Kuma dole a ɗaga shi sosai, don irin jirgin nan yana kishingiɗa in iska ta cika shi, ruwa na iya shiga tanki.

Hajiya Mai Shayi: Ɗana, ai mura ce ta kama shi. Ku dubi ɗan ramin murfin butar shayi, ku toshe shi da yatsa ku tsiyaya ku gani. Ku ce hancin tanki mana.

Makanike: Hajiya ta fi mu duka. «Hancin ya toshe, hura shi», kowane yaro zai gane. Amma a rubuta a buɗe murfi kafin a hura, kuma a cire tiyon daga tanki in za a sa iskar kwamfaresa.

Malamar Hausa: Sai dai abu biyu ne. Bakin waje shi ne hanci, tiyon kuwa na numfashi.

Mai Fassara: Haka zan sa: tiyon numfashi, da hancin tanki. Na gode.

Malam: Hancin na yarda. Tiyon ban yarda ba, kuma a sa manumfashi ko da a ƙasan shafi ne.

Mai Fassara: In wuri ya rage, Malam.